Ga Uwata, Wadda Na Taɓa Kira Daƙiƙiya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Batsari,
ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga 'yata Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, kin huce gajiyar hanya, kin fara sabawa da ruwan Katsina da mutanenta. Mahaifiyarki tana gaishe ki, Sani da sauran ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya tsare ki inda idona bai kai ba, ya haɗa ki da abokan zama na gari, ya sa ki fita makarantar jinyar nan lafiya kamar yadda kika shiga lafiya.

Na rubuta sunanki a sama don takarda ce. A baki kin san ban taɓa iya kiran sa ba, sunan mahaifiyata ne. Don haka daga nan har ƙasa Uwata zan ce, kamar kullum.

Ba labarin gida ya sa na ɗauki biro ba. Wannan kina samun sa a waya wurin mahaifiyarki, har da wanda ni ban sani ba. Ranar da na raka ki tasha, na tsaya a bakin mota da magana cike da baki, amma abin da ya fito kawai shi ne, "A yi karatu, a ji tsoron Allah." Mota ta tashi, na koma gida da sauran. To ga sauran nan. Kurakuraina ne zan faɗa miki, waɗanda na yi a kan karatunki, don kin tafi inda karatu zai yi miki nauyi wata rana, kuma ba na so ki yi wa kanki abin da na yi miki.

Lokacin da muke Karare ina aikin malamin dabbobi. Kullum ina kan babur daga wannan ruga zuwa waccan, tsakanin ƙasar Batsari da ta Safana, ina yi wa shanu allura, ina duba kofato da baki da ido. Mutane suna ganin girmana, ni ma ina ganin girman kaina. Ina cikin 'yan ƙalilan da suka yi boko a zuriyarmu, saboda haka na ɗauka 'ya'yana da karatu za a haife su.

Sai ga ki a aji uku ba ki iya haɗa baƙi da wasali ba. Sakamako ya zo, kina can ƙasa, mutum biyu ko uku ne kawai a bayanki. Na je makaranta, malaminku ya ce, "Malam Isiyaku, yarinyar nan ba ta ji. Ana magana tana kallon taga." Gaskiya ya faɗa, amma daga ni har shi rashin ji na taurin kai muka ɗauka.

Na ce zan gyara ki da kaina. Kullum bayan la'asar in shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar bedin ƙofar gida, in zauna ta hagunki, littafi a gabanmu, tsumagiya a gefena. In faɗi kalma, ki juyo ki kalli bakina. In ce, "Littafin za ki kalla, ba ni ba!" Ki mai da kai, in sake faɗa, ki yi shiru, ko ki faɗi wata kalmar daban. Sai tsumagiya. Wata rana ƙaninki Sani, wanda kika girma da shekara biyu, ya leƙo ya karanta layin da kika kasa. Na ce, "Kin gani? Ƙaninki ma ya fi ki. Ke dai daƙiƙiya ce." Ba ki yi kuka ba ranar. Kin haɗa hannu kin zuba wa tabarma ido. Daga ranar kuma kika daina ɗaga hannu a aji, haka malaminku ya gaya mini daga baya.

Uwata, kalmar nan ƙarya ce, kuma na faɗe ta ne don in hutar da kaina tunani. Wanda ya ce yaro daƙiƙi ne ya rufe bincike ke nan, ba sai ya tambayi me ya sa ba. A inda kike yanzu akwai darasin da zai gagare ki, wannan babu makawa, kowa da nasa. In ya zo, kada ki ari bakina ki zagi kanki. Ki tsaya ki tambaya: ban ji ba ne, ko ban gani ba, ko akwai abin da ya wuce ni a baya, ko hankalina ne ba ya wurin? Kowanne maganinsa daban.

Mahaifiyarki ta riga ni ganewa da shekaru. Wata rana ina cin tuwo ta zauna nesa kaɗan ta ce, "Malam, yarinyar nan in ta ba ni baya sai na kira ta sau uku. Kuma na lura tun ciwon kunnen nan da ya daɗe yana zubar da ruwa, ba ta koma daidai ba."

Na ce, "Kunnen ƙashi ne. Ke kike ɗaure mata gindi."

Ta ce, "To, Allah ya sa haka ne." Ta kwashe kwanuka ta tashi.

Ciwon kunnen kuwa na san da shi sarai. Kina da shekara biyar ya kama ki, bayan baƙon dauro. Ni da kaina na sayo maganin ɗigawa a kasuwa, ruwan ya tsaya, ya dawo, ya sake tsayawa, na ce ya warke. Na ƙi maganar mahaifiyarki don ba ta yi boko ba, ni kuwa ina da takarda. Ki riƙe wannan: wanda yake kwana ya tashi da mutum ya fi mai takarda sanin inda ya sauya. Gobe in wata uwa ta tsaya gabanki a asibiti ta ce, "Ɗana ba haka yake ba," ki saurare ta ko da ba ta san sunan ciwon ba. Ke ma in abokiyar ɗakinki ta ce, "Kwana biyu kin rame, ba kya cin abinci," kada ki ce sa ido ne.

Da na ga tsumagiya ba ta yi ba, sai na ce ko baki ne ya kama ki. Na kai ki wurin wani dattijon malami a Darini, mutumin kirki, Allah ya jiƙansa. Ya yi miki addu'a, ya ba da rubutun sha. Da za mu tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Isiyaku, addu'a na yi, zan kuma ci gaba. Amma ka kai ta likita ya duba. Wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, kuma bai tara duk maganin a kan allona ba." Na ɗauki rabin maganarsa na bar masa rabi. Yau zan faɗa miki dalili. Tsoro nake yi likita ya ce 'yar malamin dabbobi kurma ce, gari ya ɗauka. Na gwammace a ce ba kya ji don taurin kai da a ce ba kya ji don lalura. Dubi wannan wauta.

Kada ki saki salla, kada ki saki addu'a da karatun Alƙur'ani, su ne jigonki a baƙon wuri. Amma kada ki mai da addu'a labulen da za ki ɓuya a bayansa don gudun asibiti. Ki yi alwala ki roƙi Allah, sannan ki sa takalmi ki tafi a duba ki.

Wanda ya buɗe mini ido Arɗo Manu ne, mai rugar nan ta kusa da Zakka. Lokacin hanya da lafiya, ana shiga daji a fito ba fargaba. Kina da shekara goma sha ɗaya, ana hutu, kika nace sai kin bi ni don kina son maruƙa. Ina can ina yi wa shanu allura, ke kina tsugune gaban wani maraƙi. Arɗo ya zo ta hagunki da ƙwaryar nono ya ce, "Yarinya, ga nono." Ba ki motsa ba. Ya sake faɗa. Shiru. Kunya ta kama ni, na buɗe baki zan daka miki tsawa, ya ɗaga mini hannu. Ya zagaya ta damanki, ya rage murya ƙasa da ta farko, ya ce, "Ga nono." Nan take kika juyo, kika durƙusa, kika karɓa da hannu biyu, kika yi godiya.

Ya dawo inda nake, ya jingina da sandarsa, ya ce, "Malam, shekara nawa kana leƙa kunnen shanuna kana cire musu kaska?"

Na ce, "An daɗe, Arɗo."

Ya ce, "To na gida fa? Yarinyar nan da kunne ɗaya take ji. Tun da kuka sauka daga babur na ga yadda take karkata kai."

Ban san lokacin da na ajiye allurar da ke hannuna ba. A hanyar komawa, kina bayana a kan babur, ni kuwa tabarmar nan nake gani, da gefen da nake zama. Shekara uku ina magana cikin kunnen da ba ya ji, ina dukan ki don bai ji ba.

Mako bai zagayo ba muka je babban asibiti a Katsina, ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro. Kin tuna ɗan ɗakin nan da aka sa miki wani abu a kai mai rufe kunnuwa, aka ce duk lokacin da kika ji ƙara ki ɗaga hannu? Ina tsaye ina kallo ta gilashi. Da aka gwada dama, hannunki sai tashi yake. Da aka koma hagu, ma'aikacin yana ta murɗa abinsa, ke kina zaune kina jira a fara. Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta ce dodon kunnen ya huje tun tuni, ciwon ya daɗe yana ci. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Baba, da an zo da wuri da abin bai kai haka ba. Amma yanzu ma akwai abin yi." Ta rubuta magani, ta ce a kiyaye ruwa shiga kunnen, ta ba da takarda a kai wa hedimasta: a zaunar da ke a layin gaba, kunnen dama wajen malami, malami kuma ya riƙa fuskantar ki in yana magana. Daga baya aka samo 'yar na'urar nan da kike maƙalawa a bayan kunne.

Saboda haka duk ɗalibin da karatu ya tsaya masa, a fara duba jikinsa: ido, kunne, jini, barci, da abin da ke shiga cikinsa. Ke kuma na san halinki, kina rufe na'urar da hijabi ba kya so a sani. Rufe ta ba laifi. Amma ki je da ƙafarki wurin malamanki tun makon nan ki ce, "Kunnena na hagu ba ya ji sosai, ina roƙon kujerar gaba." Ranar da za a fara koya muku sauraren ƙirjin majinyaci, ki faɗa tun kafin a fara, su san yadda za su yi da ke. Ba ke ce ta farko ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma ki riƙa ajiye batir na ko-ta-kwana a jaka.

Da aka gano ciwo, sai na zaci an gama. Na zauna ina jiran sakamako ya tashi sama. Zangon karatu ya ƙare, kin ɗan motsa, amma ba yadda nake so ba. Muka dawo Batsari, kika shiga ƙaramar sakandare, har lokacin in an ba ki shafi guda sai kin yi gumi kafin ki kai ƙasa. Na fara ƙorafi: ga magani an yi, ga kujerar gaba, me kuma ya rage?

Malama Rakiya ce ta aiko a kira ni. A lokacin sabuwar malama ce a makarantarku, ba ta daɗe da gama kwaleji ba, inda ta karanci koyar da yaran da karatu ke ba wuya. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, "Baba, kunnen yarinyar nan ya samu, amma shekarun da ta yi ba ta ji ba su dawo ba. Abin da aka koyar a aji ɗaya da biyu na firamare bai shige ta ba, ana ta ɗora mata wani a kai. Ka ba ni ita sau uku a mako bayan an tashi, in koma da ita tun daga sautin baƙaƙe."

Na ce, "Baƙaƙe? 'Yar shekara goma sha uku, tana sakandare, ki mai da ita aji ɗaya? Don a yi mata dariya a gari?"

Ta ce, "Ba wanda zai sani sai wanda ka gaya wa, Baba. Kuma ita ta fara zuwa ta roƙe ni."

Na kaɗe riga na fita. A raina ina cewa, wannan da aka haifa na riga na fara aiki, ita za ta koya mini yadda zan yi da 'yata? Shekara guda cur na hana. A maimakon haka na sa ki lesin wurin wani da ke cika zaure da yara yana maimaita musu abin da aka yi da safe, sai dai da ƙarfi. Kina zuwa kina dawowa, ba abin da ya sauya.

Ana cikin haka aka mai da Malama Rakiya aiki Safana. Da dogon hutu ya zo, mahaifiyarki ta ce, "Malam, a bar yarinyar nan ta je ta ga gwaggonta Hauwa a Safana mana." Na san ba ganin gwaggo ba ne. Na yi kamar ban gane ba, na ce ki je. Bayan mako biyar na bi sawu. Gwaggonki ta nuna mini gidan Malama Rakiya, na yi sallama aka ce in shigo. Na tarar da ke da wasu yara biyu gaban Malama a inuwar katanga. An rubuta baƙaƙe a kan marafan kwalba kuna jera su, ga faranti cike da rairayi kuna zana kalma da yatsa, kuna tafa hannu kuna raba ta gaɓa-gaɓa. Raina ya ce wasan yara ne wannan. Sai Malama ta ce, "Baba, akwai wata takarda a jakarka?" Na laluba, na ciro takardar da ke cikin kwalin maganin tsutsar awaki, mai ƙananan rubutun nan. Ta miƙa miki. Kika karanta, a hankali, kina tsayawa kina komawa, amma kika kai ƙarshen sakin layin ba wanda ya taya ki. Kika ɗago kina kallona. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Madalla." Daga nan kowane hutu Safana kike yin sa, har kika gama ƙaramar sakandare.

Girman kaina ya ci miki shekara guda, Uwata. Kada naki ya ci miki ko mako. In kin ga ana bayani kin ɓace, ki koma daidai inda kika ɓace, ko da littafin 'yan sakandare ne za ki sake ɗauka. Kuma ki san bambancin mai maimaita miki darasi da mai neman inda kika tsaya. Na biyun za ki nema, malami ne ko ɗalibar da ke gabanki, ku biyu ko ku uku, ba taro ba. Kada ki dubi shekarun mai koya miki. Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu na zo kan wanda ya fi yi mini nauyi, wanda ni da ke ba mu sake maganarsa ba tun ranar.

Kin kai ajin ƙarshe na babbar sakandare kina cikin na gaba-gaba. Ni har na fara yi wa abokaina alfahari a bakin masallaci. Jarrabawar fita ta zo. Ranar lissafi kika dawo gida idonki ja, kika ce da aka raba takarda hannunki ya kama rawa, gumi ya jiƙa ki, duk abin da kika sani ya gudu, har sai da kika fita kika yi amai. Haka aka yi a wasu darussa biyu. Sakamako ya fito, waɗanda ake nema don shiga jinya su ne kika faɗi.

Wani abokina ya ja ni gefe ya gaya mini wata makarantar kuɗi a wani gari, inda ake rubuta wa ɗalibai amsa a allo ranar jarrabawa. Na hau mota na je, na ga mutumin, na karɓo fom. Bayan azahar na kira ki zaure na ajiye shi a gabanki, na yi miki bayani ina kallon bango.

Kika karanta, kika tura mini shi a hankali, kika ce, "Baba, jinya nake so in karanta. In wani ya ci mini jarrabawa, ranar da aka miƙo mini jaririn mutane, wa zai auna mini maganin?"

Na ce, "Kowa haka yake yi, Uwata."

Kika ce, "Ka ba ni shekara ɗaya. In na sake faɗuwa, da hannuna na faɗi."

Na daɗe a zauren bayan kin shiga gida. Na gane cewa har ranar ban yarda za ki iya ba, duk alfaharin nan a baki ya tsaya. Fom ɗin kuwa, mahaifiyarki ta hura wutar tuwo da shi. A nan ba ni da shawarar da zan ba ki, ke kika ba ni. Sai dai in ce, a can ma za a zo miki da irin wannan, da murya mai daɗi, daga bakin wanda ke son ki. Amsar da kika ba ni ita za ki ba shi.

Na ɗauka Malama Rakiya ce za ta sake gyara abin. Muka je Safana, ta yi miki tambayoyi, kika amsa kusan duka. Ta juyo ta ce, "Baba, wannan ba aikina ba ne. Karatun yana nan. Tsoro ne ke hana shi fitowa, kuma akwai waɗanda suka karanci maganin tsoro. Ku je ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa a Katsina, ku ce kuna son ganin mai ba da shawara."

Na ce, "Wurin mahaukata?"

Ta zuba mini ido, irin kallon da ta yi mini shekarun baya. Wannan karon kwana biyu kawai na yi ina jayayya da kaina.

Abin da na gani ba shi ne abin da na zata ba. Ɗaki ne da kujeru da tebur, da wani mutum mai furfura kaɗan, wanda ya fi sauraro a kan magana. Duk mako biyu muke zuwa, ki shiga, ni in zauna a benci a waje. Ya koya miki yadda za ki ja numfashi ki sake shi a hankali in ƙirjinki ya fara bugawa. Ya ce ki riƙa rubuta abin da zuciyarki ke raɗa miki, sannan ki tambaye shi hujja. Ya sa kina zama a gida da tsofaffin takardun jarrabawa, agogo a gabanki, mahaifiyarki tana tsaron lokaci, har jikinki ya saba. Ya ce akwai waɗanda sai an haɗa musu da magani, kuma wannan ba abin kunya ba ne, amma ke naki bai kai nan ba.

Wata rana ya ce in shigo, da yardarki. Ya tambaye ki a gabana, "In kin zauna a ɗakin jarrabawa, muryar wa kike ji tana cewa ba za ki iya ba?" Kika sunkuyar da kai, ba ki amsa ba. Bai matsa miki ba. Ni ma ban buƙaci ki amsa ba, na san muryata ce. Da za mu fita ya tsayar da ni ya ce, "Malam, kai ma ga naka aikin. Ranar jarrabawa kada ka tambaye ta nawa za ta ci. Ka tambaye ta ko ta karya kumallo." Haka na yi, kowace safiya, har aka gama. Sakamakon kuwa kin san shi, shi ne ya kai ki inda kike karanta takardar nan.

To ki ji. Makarantarku ba za ta rasa ofishin ba ɗalibai shawara ba, ko asibitin ɗalibai. Ki nemi inda yake tun yanzu da kike lafiya, ki san ƙofar, ki gaisa da mai wurin. In kin ga barci ya ƙaurace miki kwana da kwanaki, ko abinci ya fita ranki, ko kuka yana zuwa ba dalili, ko hannun nan ya fara rawa, kada ki jira sai jarrabawa ta gabato. In kuwa har zuciya ta taɓa raɗa miki cewa rayuwar ma ba ta da amfani, a ranar za ki gaya wa wani, ba gobe ba. Damuwa ciwo ce kamar zazzaɓi, ba raunin imani ba ce, ba kuma hauka ba. Wata za ta miƙo miki ƙwaya ta ce tana hana barci, tana buɗe kai. Kada ki karɓa. Maganin da likita bai rubuta da sunanki ba, ba naki ba ne. In kuma kin ga wata ɗaliba a lungun aji tana shan irin wuyar da kika sha, kada ki tsaya a ba ta haƙuri. Ki ce ta tashi ki raka ta, ke kin san hanya.

In sakamako ya zo ba daɗi, ni za ki fara kira. Ba zan tambaye ki me ya sa kika faɗi ba. Zan tambaye ki wa ya kamata mu gani.

Ba na shakkar ki, Uwata, ko kaɗan. Na ga abokan karatunki da komai ya zo musu da sauƙi, ranar da abu ya tsaya musu ba su san inda ake nufa ba. Ke kin sani. Kin san yadda ake faɗuwa a tashi, kin san yadda ake buɗe baki a ce a taimake ni. Majinyatan da za su faɗo hannunki sun yi sa'a.

Saura magana ɗaya. A garinmu uba ba ya durƙusa wa 'yarsa, kuma in na ce zan faɗa da baki na san murya za ta ƙi. Shi ya sa na rubuta. Ki yafe mini. Ba sai kin ba ni amsa a waya ko a takarda ba, kada ki sa ni jin nauyi. In kin zo hutu, ki dama fura da hannunki ki kawo mini zaure. Zan gane.

Allah ya yi miki albarka, ya buɗe miki ƙirji, ya sa hannunki ya zama sanadin lafiyar bayinsa. Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum, ya tsare fitarki da shigarki, ya dawo mana da ke lafiya, ya same mu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinki,
Malam Isiyaku.